Tambaya Kafin Fatawa

Malaman fiƙihu suna kiran tambayar da mufti yake yi wa mai neman fatawa istifsari, wato neman ƙarin bayani kafin yanke hukunci. Idan magidanci ya zo da batun saki, malami mai tsoron Allah ba ya gaggawar amsawa, ko da mai tambayar ya ƙosa, sai ya ji ainihin lafazin da aka furta, ko sarihi ne, wanda ma'anarsa take a fili, ko kinaya ce, wadda wani lokaci sai an koma ga niyya. Yakan kuma bincika saki nawa ya gabata, domin bayan na uku babu kome, wato mayar da mace ɗakinta, sai ta auri wani.