Gari Biyu, Kufai Ɗaya

Duk ranar kasuwa, idan muka taso daga makaranta muka nufo gida a Jega Magaji, sai mun tsaya a bakin titi mun jira motocin albasar Aliero da na shinkafa da gero daga wajajen Maiyama sun wuce kafin mu tsallaka. Yara 'yan ajinmu suna ganin wannan hada-hada kamar haka Allah Ya halicci garin. Mu kuwa da muke koya musu tarihi mun san cewa a kan tokar yaƙi aka kafa shi, yaƙin ma na 'yan uwa masu salla ɗaya.

Mai karatu zai tuna Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Gimbana, nan kusa da mu. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa Gimbana, suka kama jama'arsa, abin da ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijira zuwa Gudu a 1804. To, amma bayan an ci nasara an raba ƙasa, Malam ya ga kamar an tauye shi. A 1817 ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tawaye daga Kware, aka kewaye garin, ya fita da rauni, ya cika a Bakura farkon 1818. Kowane ɓangare da malamansa, kowane da hujjarsa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Ba a bi zuriyarsa an ƙare ba. Ɗansa Buhari ya yi mubaya'a, mahukuntan Gwandu suka karɓe shi, suka bar shi ya kafa gari wajajen 1820. Garin nan shi ne Jega. Mutanen da jiya ake kira 'yan tawaye suka zama masu tsaron hanya, fatake suka saki jiki, goron Gwanja da gishirin Foga da tufafin Kano suka riƙa haɗuwa a nan, har kasuwar ta shiga sahun manyan kasuwannin daular. Ba za mu ɓoye ba, har da bayi aka sayar a cikinta. Wannan tabo ne da ba ma tsallake shi a aji.

Sai ga wata mamaya daga waje. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris 1903. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, talakawa da bayin da suka gudu, masu aƙidar Mahadi, suka tayar a ƙauyen Satiru, suka kashe Turawa uku. Martanin bai zo da sauƙi ba. A watan Maris aka kashe mutum kimanin 2,000, aka rushe garin, aka hana a sake zama a wurin. Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru ma an tuɓe shi bisa zargin zuciyarsa na tare da su. An sami shiru kam, amma Satiru ba ta sake cin kasuwa ba, kufai ne.

Wata rana muna rubuta waɗannan shekaru a allo, sai wani yaro mai yawan sauraron rediyo ya ce, “Malam, ashe shekara ɗari cif ke nan tsakaninmu da Iraƙi.” Muka duba, wallahi gaskiyarsa. Amurka ta shiga Iraƙi a Maris 2003. A watan Mayu, Paul Bremer, wanda aka ɗora a kan mulkin ƙasar, ya rusa rundunar soja, ya kori 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati. Dubun dubatar mazaje da suka iya bindiga suka wayi gari babu albashi, babu mutunci. A Fabrairun 2006 aka sa bam a hubbaren Askari da ke Samarra, Sunni da Shi'a suka shiga kisan juna unguwa-unguwa. Man fetur yana nan a ƙasa, kuɗi ma an zuba, amma wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko kaya ya bi hanyar da ake tambayar sunansa kafin a bar shi da rai? A 2014 Mosul ta faɗa hannun 'yan Da'ish, kuma cikin masu tsara musu yaƙi har da tsofaffin hafsoshin da aka sallama.

A ganinmu Bagadaza ta rasa irin dabarar da Gwandu ta yi da Buhari, wato a ba wanda aka kayar wurin zama da abin yi. Mun faɗa wa ajin haka, amma wata yarinya ba ta yarda ba. Ta ce, “Malam, to idan wanda aka yafe wa ya sake ɗaukar makami fa?” Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a wannan yanki namu na arewa maso yamma an sha yin sulhu da 'yan bindigar daji yana wargajewa. Ba mu gama ba ta amsa ba aka kaɗa ƙararrawa, muka ɗage maganar zuwa mako mai zuwa, muka ce kowa ya tambayo tsofaffin gidansu daga ina kakanninsu suka zo Jega, kuma me ya koro su.