TAMANRASSET: GARIN DA AURE KE JIRAN TAKARDA

Duk wanda ya taso daga Agadas ya nufi arewa, ya wuce Arlit, ya wuce Asamaka, ya tsallaka iyaka ya shiga In-Gezzam, to sauransa tafiyar kimanin kilomita 400 kafin ya hango duwatsun Hoggar sun tokare sama a gabansa. A gindin waɗannan duwatsu Tamanrasset take, garin da mutanenmu suke taƙaita sunansa su ce Tam. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,400 sama da teku, shi ya sa zafinsa bai kai na In-Salah ba, sanyinsa na hunturu kuwa sai wanda ya kwana a ciki zai ba da labari. Daga nan zuwa Alje, babban birnin ƙasa, kusan kilomita 2,000 ne. Wato ke nan mutumin Tam ya fi kusa da Agadas, har ma da Damagaram, a kan birnin da ake tsara dokokin da ke hukunta zamansa.

Mun kwashe 'yan kwanaki muna zagaya unguwannin wannan gari domin mu kawo wa 'yan'uwanmu na Gardaya da Wargala da Wahran labarin yadda jama'armu ke zaune a nan. To, amma duk majalisar da muka zauna, kafin shayi ya kai zagaye na biyu hira ta koma kan abu guda: wane ya yi aure yana jiran izini, wane matarsa tana Tawa tana jiran biza, wance mijinta yana jiran katin iƙama.

Zaman mutanenmu a nan ba jiya aka fara shi ba. Tun kafin a shata iyaka, Abzinawan Hoggar sukan ɗebo gishirin Amadror su ɗora wa raƙuma, su gangara Damargu su musanyo shi da gero. Ta wannan hanya aka san juna, aka yi ciniki, aka yi auratayya. A 1974 aka mai da Tam hedkwatar wilaya, a 1978 kwalta ta iso ta daga arewa, sai gine-gine suka tashi ko'ina, ana neman magina da leburori. Cikin waɗannan shekaru ne kuma fari ya afka wa ƙasashenmu, na 1973 zuwa 1974, sa'an nan na 1984 zuwa 1985, wanda ya rasa dabba da wanda ya rasa hatsi duk suka fuskanci arewa. Da aka yi ƙidayar 2008, mutanen garin sun haura 90,000.

Wanda yake son shaidar daɗewarmu a Tam, ya fita titi bayan magariba. Zai ga hayaƙi yana tashi daga tukubar masu gashi, Balarabe da Ba'abzine sun yi layi kowa na cewa a ba shi "mainama". Kalmarmu ce, sai dai a bakinsu sunan gasasshen naman ne kansa. A unguwar Tahaggart da Gat'al-Wad, da kasuwar Asihar, mutum zai iya wuni bai yi wani harshe ba sai Hausa: ga teloli, ga wanzamai, ga masu gyaran takalmi, ga masu wanki da guga, ga mata masu tuwo. Harshenmu dai ya sami wurin zama tuntuni, ba a tambaye shi takarda ba. Masu harshen ne har yanzu da yawansu ke kan benci.

MASU JIRA KASHI UKU NE

Kashi na farko shi ne mutumin da yake da katin iƙama, yana sana'arsa, amma iyalinsa suna gida. Dokar baƙi ta amince mai iƙama ya kawo iyalinsa, sai dai hanyar doguwa ce. Dole matar ta sami fasfo, shi kuma ya aika mata da takardar masauki wadda baladiyya ta buga wa hatimi, sa'an nan ta nemi biza, domin ɗan Nijar da ɗan Nijeriya ba sa shiga Aljeriya sai da ita. In ta iso, sai ta shigar da nata dosiye na iƙama tun saura kwana 15 bizar ta ƙare. Macen da aka haifa a ƙauye, ba a taɓa yanka mata takardar haihuwa ba, tun daga matakin farko take tsayawa.

Kashi na biyu shi ne wanda yake son ya auri 'yar ƙasa, ko 'yar'uwarmu da ɗan ƙasa yake nema. Wani dattijo ya yi mana barkwanci cewa irin wannan aure waliyyai biyu gare shi, ga waliyyin amarya ga walin wilaya. Gaskiya ya faɗa. Auren ɗan Aljeriya da baƙo ba a rubuta shi a baladiyya ko wurin notar sai da izinin wali, wato gwamna, kuma ba a ba da izinin sai jami'an tsaro sun yi bincike a kan masu auren. Wajibi ne baƙon ya kasance yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. In izinin ya fito, shekara guda yake aiki.

Kashi na uku su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi ba mu tausayi. Waɗannan an shafa musu fatiha, an biya sadaki, an raba goro da dabino a gaban shaidu, auren ya ɗauru a wurin Allah da wurin jama'a, amma ba a rubuta shi a littafin hukuma ba. Wasu sun shekara 10 a haka, da 'ya'ya huɗu ko biyar. A idon doka, matar nan da mijin nan ba abin da ya haɗa su.

KIƊA YA CANZA

Dattawan da suka zo tun zamanin fari sun saba da wani irin zama, inda sanin mai unguwa da sanin maƙwabci suka isa. Dokar da ke aiki a lokacin ita ce ta 21 ga Yuli 1966. Ko a wancan zamani ba a rasa kora ba, domin a 1986 an kwashe dubban 'yan Nijar da 'yan Mali an mayar da su gida. Amma dai iyaka a sake take, wanda aka kora bana sai ya dawo baɗi.

A ranar 27 ga Fabrairu 2005 aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa da dokar iyali gyara, kuma gyaran ya zo mana da alheri babba. Tun daga ranar, ɗan da mahaifiyarsa 'yar Aljeriya ce shi ma ɗan ƙasa ne, ko da ubansa baƙo ne. Haka nan wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa yana iya neman zama ɗan ƙasa a Ma'aikatar Shari'a, da sharaɗin auren ya kasance na doka kuma ya cika shekara 3, shi kuma ya zauna a ƙasar bisa ƙa'ida shekara 2, yana da halin kirki da abin riƙe kansa. Mai karatu ya lura da kalmar "na doka". Ana fara ƙirga shekarun nan ne da auren da hukuma ta sani.

Sai kuma ranar 25 ga Yuni 2008 aka kafa doka mai lamba 08-11, wadda ta maye gurbin ta 1966. A ƙarƙashinta katin iƙama shekara 2 yake yi, wanda kuwa ya zauna shekara 7 a jere bisa ƙa'ida ana iya ba shi na shekara 10. Wanda ya bar ƙasar shekara guda cur bai dawo ba ya rasa matsayinsa, wannan kuwa ya sha cin masu zuwa gida jinyar iyaye. Wanda ya sauki baƙo a gidansa wajibi ne ya sanar da 'yan sanda ko jandarma cikin awa 24. Shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2. Auren da aka ƙulla don neman takarda kawai, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar dinari 50,000 zuwa 500,000. Saboda haka ne ake tsananta bincike, mai auren gaskiya ma sai ya jure tambayoyin da aka tanada don mai auren ƙarya.

A KAN BENCI

Ranar Lahadi da safe, wato ranar da ake buɗe ofisoshi a wannan ƙasa, mun bi wasu 'yan'uwa zuwa inda ake karɓar takardu. Tun kafin rana ta fito mutane sun jeru, kowa ya rungume jakar leda a ƙirji kamar jariri. Har wata gaisuwa suka ƙirƙiro tsakaninsu. Muna zaune wani saurayi ya durƙusa gaban wani tsoho ya ce, "Baba, ina kwana, yaya jira?" Tsohon ya amsa, "Jira da godiya, ɗana."

A nan muka fahimci abin da ke tsawaita al'amarin. Takardun da ake nema ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Takardar likita ta aure dole ta kasance ba ta wuce wata 3 ba. Takardar shaidar rashin laifi, wadda ake aikowa daga gida, ita ma ɗan gajeren wa'adi gare ta, ga shi sai an buga mata hatimi can, an kawo ta nan an fassara ta zuwa Larabci wurin tafinta mai rantsuwa. Kafin wannan ta ratso hamada a aljihun direba, waccan ta mutu. Kafin a sabunta waccan, fasfo ya kusa ƙarewa. Wanda ya shigar da dosiyen iƙama ana ba shi resepise, wato 'yar takardar shaidar an karɓa, da ita yake yawo yana sabunta ta har kati ya fito. Mun ga wadda aka naɗe aka warware har ta yi laushi kamar tsumma.

Wani lokaci kuma abin da ya fi ƙarfin kowa ne ke tsayar da komai. A watan Maris 2020 aka rufe iyakoki saboda annobar korona, mata da yawa da suka je gida haihuwa suka maƙale can. A watan Afrilu 2025, bayan an harbo jirgin Mali marar matuƙi kusa da Tinzawatin, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kira jakadunsu gida, Aljeriya ma ta mayar da martani. Duk sa'ad da manya suka yi irin wannan saɓani, mai dosiye a hannu shi ke kwana ido biyu.

Me ya sa mutane ke jure wannan wahala? Wanda ya ga ayarin motoci na fita garin nan sun nufi kudu ba zai yi tambayar ba. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyaka, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. A Disamba 2014, bisa yarjejeniya tsakanin Nijar da Aljeriya, aka fara mayar da 'yan Nijar gida ayari-ayari, kuma a Tam ake tara su kafin a wuce da su. 'Yan Nijar akan kai su har Asamaka, 'yan sauran ƙasashe kuwa akan sauke su a wurin da ake kira Fuwan Zero, su taka kilomita 15 a ƙasa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 26,000 a 2023, da fiye da 31,000 a 2024. Magidanci yana iya fita aikin gini da safe, matarsa ta ɗora tukunya, labarinsa na gaba sai daga Agadas.

A nan ne rubutaccen aure ke da rana. Wanda aka yanke wa hukuncin kora yana da kwana 5 ya kai kuka gaban alƙali, amma wanda ya shekara 2 da auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, aure na doka, kuma suna tare, dokar 2008 ta ba shi kwana 30. Mai auren fatiha kaɗai ba ya cikin wannan rangwame. Ga kuma batun yara. Ana sanar da haihuwa cikin kwana 5, a wilayoyin kudu kwana 20, kuma in babu daftarin iyali, sanya sunan uba a takardar yaro sai an sha fama. Yaron da ba shi da takarda, ranar shiga makaranta ce za ta tona asirin sakacin iyayensa.

Baƙi masu yawon buɗe ido suna zuwa daga Turai su hau dutsen Assekrem, kimanin kilomita 80 daga gari, inda Bafaranshen nan Charles de Foucauld ya gina ɗakin ibadarsa a 1911, don su kalli fitowar rana a kan Hoggar. Mun tambayi wani tela da ya yi furfura a Tahaggart ko ya taɓa zuwa, sai ya yi dariya ya ce wanda takardarsa ba ta cika ba, ai ko bayan gari ba ya fita sai dole.

Shawararmu ga jama'a ita ce, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Mai niyyar aure ya fara da takarda tun kafin a sa rana. Wanda ya riga ya yi auren fatiha ya sani dokar iyali ta ba da damar a tabbatar da shi ta hukuncin kotu, ko da yake rashin izinin wali kan zama ƙaya a hanya, don haka ya nemi lauya, kada ya nemi ɗan kamasho mai cewa ya san wani a ciki. Kowa ya yi rajista a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa, ga na Nijar nan cikin gari. A yi kwafin kowace takarda a ajiye wurin amintacce, a rubuta ranar mutuwar kowace a bangon littafi. Malamanmu masu ɗaura aure su riƙa tambayar takarda kafin su ɗaga hannu, shugabannin unguwanni kuma su sa yaranmu masu jin Larabci da Faransanci su riƙa raka tsofaffi da mata.

Allah Ya haɗa kowane magidanci da iyalinsa, Ya sauƙaƙa wa masu jira, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.