Allurar Mai a Hanyar Agadas

Duk wanda ya san hanyar Damagaram zuwa Agadas ya san ba kowace mota ake jefawa cikinta ba. Fiye da kilomita 400 ne, kuma da ka wuce Tanut gari yana yi wa gari nisa, rijiya tana yi wa rijiya nisa. Motar da ta ɗauke mu tsohuwar Toyota Land Cruiser ce, samfurin 80, cikin waɗanda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. Injinta shi ne 1HZ mai shan gas, silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo babu kwamfuta. Fenti ya koɗe, kujeru sun sha ɗinki, amma direbobin arewa ba sa haɗa wannan inji da komai, don ko a tsakiyar daji mai sifana da filaya zai iya lallaba shi ya kai gari.

Ni aka ba gidan gaba, kusa da direba, wani dattijo mutumin Agadas mai rawani, marar yawan magana. A baya akwai wani alhaji ɗan kasuwa da iyalinsa, sai yaron mota can cikin kaya. Bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu, dattijon ya tayar da mota bai taka totur ba. Ya zuba wa wani ƙaramin agogo ido a bayan sitiyari, mai hoton butar mai, L a wannan gefe H a wancan, babu lamba ko ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi allura ta tashi ta haye tsakiya. Sai da ya ga haka, ya bar inji ya ɗan ɗumama, sannan ya yi bismillah ya sa giya.

Muka wuce matatar mai ta SORAZ da Bakin Birji, muka shiga ƙasar Damargu, gonakin gero an riga an girbe, sai karare. Rana na ɗagawa allura na sauka a hankali, har ta zauna ƙasa kaɗan da tsakiya. A shingen shiga Tanut, da muka tsaya inji yana silo, sai ta zube kusan kan L. Alhaji, wanda ashe shi ma yana leƙenta ta kan kafaɗata, ya kasa haƙuri.

"Malam direba, anya akwai mai a motar nan? Ka ga fa allura ta kwanta."

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Duba nan."

Ya ɗan taka totur, allura ta miƙe. Ya saki, ta koma.

"In dai tana bin ƙafata haka, lafiya lau take. Ranar da na taka ta ƙi tashi, ba sai ka yi magana ba, za ka ji na kashe mota."

Mutane da yawa suna zaton wannan agogo yawan man da ke cikin kwano yake nunawa. A'a, wannan aikin sandar awo ne. Abin da agogon ke nunawa shi ne ƙarfin da famfo ke tura baƙin mai da shi cikin ƙananan hanyoyin inji, zuwa metal ɗin karanshaf da duk inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Famfon kuwa inji ne ke juya shi, shi ya sa a silo turawar kaɗan ce, in an ba shi wuta ta ƙaru. Sannan mai da sanyin safiya kauri gare shi, da ƙyar yake wucewa, allura ta hau. In ya yi zafi ya tsinke, allura ta sauko. Ga kuma tsufa. Kamar tiyon ban-ruwa ne: ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya fita da ƙarfi, ka sassauta ya zubo salalo-salalo. Metal ɗin da ya shekara ashirin yana aiki ya cinye, tazara ta buɗe, don haka tsohon inji ba zai nuna abin da sabo ke nunawa ba. Wannan kaɗai ba ciwo ba ne.

Bayan Tanut, a lokacin, kwalta ta farfashe a wurare da dama, har motoci sun gwammace su bi gefe cikin rairayi da gargada. Inji ya yi ta gurnani, zafi na tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba mu kai Adarbisinat ba, muna cikin gudu, allura ta faɗi lokaci guda, ta kwanta ƙasa da L. Kafin in buɗe baki dattijo ya taka kuloci, ya gangara gefe, ya kashe. Ko ina ka duba sai ƙayoyi da raƙuma can nesa, babu ko bukka.

"Yaro, buɗe bonet."

"To, maigida."

Ya jira 'yan mintuna mai ya koma kwano, ya zaro sanda, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Mai na nan tsakanin alamomi biyu. Ya lakata a yatsa, ya murza, ya shinshina. Warin gas yake nema, don in nozul ko famfon gas na yoyo, gas kan gangara cikin kwano ya tsinka mai. Ya ɗaga yatsan sama ya duba ko ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Yaro ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo ko ɗaya a kan rairayi. Sai dattijo ya naɗe hannun riga ya zura a jikin inji, inda ɗan ƙarfen da ke aika wa agogo saƙo yake a ɗaure. Wayarsa ya samu tana lilo, gargada ta zare ta. Ya matse bakinta da filaya, ya mayar, ya ce wa yaro ya tayar, shi kuma ya kara kunne yana sauraron ko zai ji ƙwanƙwasa. Inji ya tashi sumul, allura ta miƙe, Alhaji ya yi hamdala da ƙarfi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, na tabbata tun daga kan kujera dattijon ya zargi wayar, amma bai ɗora rayukanmu a kan zato ba. Injin da famfonsa ya daina tura mai, 'yan mintuna sun ishe shi ya buga, kuma a wannan daji babu mai jan ka zuwa gareji.

Muka yi la'asar a Adarbisinat, muka wuce tudun Tigidit, gab da magariba muka hango hasumiyar babban masallacin Agadas, ginin laka mai tsawon mita 27, itatuwa sun firfito a jikinta.

Washegari na bi dattijo gareji, don ya ce ba zai juya Damagaram ba sai an auna. Bakanike ya kwance wancan ɗan ƙarfe, ya ɗaura nasa agogon mai tiyo da lambobi a gurbinsa. Bai karanta komai ba sai da inji ya yi zafi sosai. A silo agogon ya nuna kilo 1 da ɗan ɗori. Da aka ba shi wuta zuwa juyi 3,000 a minti, ya doshi kilo 4. Littafin gyara na Toyota cewa ya yi kada wannan inji ya gaza kilo 0.3 a kan kowane murabba'in santimita a silo, kada kuma ya gaza 2.5 a juyi 3,000. Ke nan allurar da ta tayar wa Alhaji hankali a Tanut tana da sauran rata mai yawa.

Bakanike ya yi ƙorafi kan masu zuba man giya ko wani mai kauri a injin da ya gaji, don allura ta hau a yaudari mai saye. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari: wannan zalunci ne, don irin wannan mai ba ya saurin kaiwa ga metal da sanyin safiya, lokacin da inji ya fi bukatarsa. Shi dattijo 15W-40 yake zubawa, kusan lita 10, kuma duk kilomita 5,000 yake yin juye tare da canza filta, saboda ƙura.

Mai karatu, in za ka sayi tsohuwar kat-kat irin wannan, kada allurar safiya ta ruɗe ka. Bari ta yi tafiyar awa guda cikin rana, sannan ka sa bakanike ya ɗaura agogonsa a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.