Karaya, Maɗori Da Hoton Ƙashi



Mu da mu ke koyarwa a makarantun Arabiyya na Zangon Kumasi akwai wani aiki da kan faɗo mana wanda ba ya cikin allo. In yaro ya faɗo daga bisa katanga, ko babur ya kwashe saurayi a hanyar Aboabo, ko tsohuwa ta zame a makewayi, tun ba a nemo mota ba sai a aiko mana a ce Malam ya taimaka da addu'a. Addu'a kam mu kan yi. Bayanta sai tambaya ta biyo: "Malam, gidan maɗori za mu nufa ko Gee?" Watau babban asibitin Komfo Anokye. Amsarmu ita ce a fara ɗaukar hoton ƙashin tukuna, yau ɗin nan, sa'an nan a yi shawarar wanda zai ɗaure. Ga dalilanmu.

Ba mu raina maɗori ba. Sana'a ce ta gado, kuma da yawa cikinmu da hannun da ya ɗora mu ke riƙe alƙalami. Ya kan zo har gida, ya shafa man kaɗanya, ya ja gaɓar, ya jera karan ɗori ya ɗaure, abin da za a ba shi kuwa sai an ga hali. Amma ya kamata a san inda nasararsa ta ke fitowa. Ƙashi abu ne mai rai. In ya karye jini ya kan daskare a wurin, a cikin makonni wani abu mai kama da guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, sannu a hankali ya sandare ya zama ƙashi. Da maɗori da likita babu mai haɗa shi. Aikinsu duka su daidaita shi, su hana shi motsi har ya kama. Shi ya sa damtsen yaro ɗan shekara 8 ya kan warke cikin mako 4 zuwa 6 a hannun kowa, in dai an miƙe shi sosai. Ƙwaurin babba kuwa ya kan ci wata 3 zuwa 6.

Ɗalibanmu sun san kalmar jabira daga Muhtasar na Shehu Halil, inda a ke maganar shafa a kan ɗori wajen alwala. Jabru shi ne ɗori da Larabci. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ware ma ɗori babi guda a ƙarshen littafinsa Attasrif, ya kuma yi gargaɗi kada a tsananta ɗauri a kan gaɓa mai kumburi. Saboda haka wanda ya ce zuwa asibiti barin hanyar magabata ne, to bai karanta magabatan ba. Abin da Azzahrawi ya rasa a zamaninsa shi ne ganin ƙashi ba tare da tsaga nama ba. Wannan sai a 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton da shi. Maɗori da yatsa ya ke gani, yatsa kuwa akwai inda ba ya kai wa.

Babban abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ɗauri mai tsanani, musamman a ƙwauri da damtse. Naman waɗannan wurare yana cikin wata jaka mai tauri wadda ba ta buɗewa. Gaɓa in ta karye dole ta kumbura a kwana biyun farko. In an kewaye ta da kara an tamke, kumburin ba ya da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini daga ciki. Bayan kamar awa 6 naman ya fara mutuwa, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Akwai wani yaro da ya yi karatu a gabanmu, ya faɗi wajen ƙwallo ya karye a damtse. Aka ɗaure shi da yamma. Daren nan bai runtsa ba, yana ta kuka, manya suna ce masa ya yi ta maza, ai ɗori ke nan. Sai a kwana na uku da yatsun suka yi baƙi aka kai shi asibiti. An ceci hannun, amma yatsun sun ƙanƙame, har yau da hagu ya ke rubutu. Karayar kanta ba wata babba ba ce.

Don haka iyaye mata, ku da ku ke kwana da mai ciwo, ku kiyaye waɗannan alamu. Zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri maimakon ya ragu. Yaro ya yi ƙara in an miƙe masa yatsa a hankali. Yatsu su yi sanyi, ko su kumbura, ko su canza launi, ko ya ce ba ya jin su. In an ga ɗaya daga ciki a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne, ko da maɗori ya ce kada a taɓa sai ya dawo. Haka ma in filastar asibiti ce ta matse, a koma a tsaga ta.

Na biyu shi ne ƙugun tsofaffi. Ƙashin cinya yana da wuya siriri a sama, inda kansa ya shiga cikin kwatangwalo. In shekaru sun ja, musamman ga mata bayan haila ta ɗauke, ƙashi ya kan yi sakayau, har ƙaramar faɗuwa a tsakar gida ta isa ta karya wuyan nan. Alamarsa ba ta da wuyar ganewa: Hajiya ba ta iya tsayuwa, tana jin zafi a matsematsi, ƙafar ta gajarce, tafin kuma ya juya waje. Wurin yana can cikin nama mai kauri, babu karan da zai riƙe shi. Kuma jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta wuyan ya ke bi, in ya yanke kan ya kan mutu. Maganinsa aiki ne, a ɗaure da ƙarfe ko a sa kan ƙashi na ƙarfe, kuma likitoci sun fi son a yi cikin kwana 2. Sau da yawa mu kan ji 'ya'ya suna cewa, "Ta tsufa, kada a wahalar da ita da wuƙa." Niyyar mai kyau ce. Amma tsohuwar da aka bari kwance wata da watanni, gyambo ya kan fito mata a baya, ciwon huhu ya kama ta, jini ya daskare a ƙafa, kuma waɗannan su ne su ke kashewa. Wadda aka yi wa aiki kuwa sau da yawa washegari a ke zaunar da ita, a fara koya mata takawa.

Na uku ƙarami ne, ga samari mu ke faɗinsa. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne. In mutum ya faɗi ya dafa ƙasa, ɗaya daga cikinsu, wanda ke gindin babban yatsa, ya kan tsage. Ba ya kumbura sosai, sai a ce targaɗe ne. In ka danna ɗan ramin nan na gindin babban yatsa ka ji zafi, kada ka yarda da targaɗe. Wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna shi, sai a ɗaure a ce ka dawo bayan kwana 10 ko 14 a sake ɗauka. Ka koma. Tela da makaniki da direba duk da wannan gaɓar su ke ci.

In kuwa ƙashi ya huda fata, ko akwai rauni a kan karayar, babu wata shawara. Kada a zuba magani ko toka a ciki, kada a tura ƙashin. A rufe da tsumma mai tsabta, a tallabe gaɓar da katako yadda aka same ta, a tafi. Karayar cinya ita kaɗai tana iya zubar da jini fiye da lita 1 a cikin nama ba wanda ya gani.

Mun san abin da ke hana mutanenmu. Ɗaya shi ne maganar da ta bazu cewa asibiti yanke ƙafa su ke yi. To, jama'a, a duba yaushe a ke kai musu ƙafar. In an kai ta bayan mako biyu ta riga ta ruɓe tana wari, me ya rage? Sa'an nan a dawo Zango a ce likita ya yanke, ba a ƙidaya makon biyun. Ɗayan kuma kuɗi ne, wannan kam gaskiya ce. Tun dokar 2003 akwai katin inshorar lafiya, amma da yawa sai ranar haɗari su ke tuna nasu ya mutu, kuma ƙarfen da a ke sawa sau da yawa mai ciwo ke saye. Muna roƙon shugabannin ƙungiya, yadda a ke tara gudummawar biki da ta rasuwa, a ware wani abu domin kuɗin mota da na hoto a ranar farko. Akwai kuma maɗora a yau waɗanda ba su taɓa mutum sai ya kawo hoto, in sun ga ta fi ƙarfinsu su ce a wuce asibiti. Irin waɗannan ne mu ke nuna wa mutane gidajensu.

Saura tambayar da dattawa kan yi mana: yaya mai filasta zai yi alwala? A mazhabarmu ta Malikiyya sai ya wanke gaɓoɓinsa masu lafiya, ya jiƙa hannu ya shafa bisa filastar sau ɗaya. Ba sharaɗi ba ne a ce yana da alwala sa'ad da aka ɗaura ta, ba a kuma ƙayyade kwanaki ba, sai ranar da aka cire. Haka ya ke a wankan janaba. Shafa a ke yi, ba a kwarara ruwa, domin in ruwa ya shiga filastar ta kan yi laushi ta saki ƙashin. Wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, ya miƙe ƙafar yadda likita ya ce.