Kinubi: Larabcin Bariki da Ya Zama Harshen Al'umma

Malamin da ya sha karatun nahawu a zaurukan Jega, Aliero ko Maiyama, in aka kai shi Bombo, wani gari da ke arewa da Kampala a ƙasar Uganda, zai ji ana hira da kalmomin da ya sani, amma an sauke musu nauyin sarfu da li'irabi. Harshen Nubawa ke nan, Kinubi. Kusan kashi 90 cikin 100 na kalmominsa Larabci ne, sai dai ba ruwansa da bambanta namiji da mace, kuma fi'ili ba ya sauya siga. "Ana gi rua" na nufin ina tafiya, "ana bi rua" kuwa zan tafi.

A bariki aka haifi harshen. Cikin ƙarni na 19 Masar ta kafa sansanoni a kudancin Sudan, ta cika su da sojoji daga ƙabilu barkatai, da yawansu bayi ne. Hafsoshi na ba da umarni da Larabci, su kuwa na ƙasa suka sassaƙe shi daidai bakinsu. Da Mahdi ya ɗaga tuta a 1881, Khartum ta faɗi hannunsa a 1885, sai hanyar Nilu ta toshe wa rundunar Emin Pasha, gwamnan lardin Equatoria. A 1889 wani Bature mai yawon bincike, Stanley, ya tafi da gwamnan, aka bar ragowar sojojin da iyalansu a gefen tafkin Albert, ƙarƙashin wani hafsansu, Selim Bey.

Wanda ya kwashe su a 1891 ba baƙo ba ne a gare mu: Lugga ne, wanda rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ya sa su aikin soja a Uganda. Daga baya wasunsu suka yi wa Ingila yaƙi a rundunar King's African Rifles, aka zaunar da su a Kibera, gefen Nairobi. Musulmi ne, kuma har yau addini da harshe ne ke riƙe da zumuncinsu.

Zaman bai zo musu da sauƙi ba. A Uganda an alaƙanta su da mulkin Idi Amin, shi ya sa da ya faɗi a 1979 da yawansu suka yi gudun hijira. Tsarin mulkin 1995 ne ya lissafa su cikin 'yan ƙasa na asali. A Kenya sun daɗe suna shan tambayoyi kafin su sami katin shaida, kuma sai a 2017 aka miƙa musu takardar mallakar eka 288 a Kibera.

Mu ma mun ga irin wannan. Sojojin Rabe, da suka ci Borno a 1893, suna da nasu guntun Larabcin, Turku. Sojojin Turawa a Arewa kuma suka yi Barikanci, Hausar da aka datse wa reshe. Amma Barikanci bai zama harshen uwa ga kowa ba, domin soja in ya ajiye bindiga yana da garinsu da yarensu, ga kuma cikakkiyar Hausa a kasuwa. Nubawa ba su da inda za su koma. Uba daga wannan ƙabila, uwa daga waccan, yaro ya buɗe ido ba abin da ya haɗa gidan sai Larabcin bariki, da shi kuma ya fara magana.