Ƙafar keke da batir biyu

Tun shekarar 1775 majalisar masana kimiyya ta birnin Paris ta yanke shawarar daina duba duk wata na'ura da mai ita ya ce za ta yi ta juyawa har abada ba tare da ta ci komi ba. Wajen shekara 250 ke nan, amma irin waɗannan na'urori ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu ta wayar salula suke biyowa su sauka a rumfunan masu gyaran rediyo. Ɗaya daga cikin waɗanda masu gwaji a gida suka fi kwaikwaya ita ce ta John Bedini, wani Ba'amurke da ya rasu a 2016. Araharta ce ta ɗaukaka ta: ƙafar keke da aka jera wa maganaɗisu a baki, naɗin wayar jan ƙarfe, tiranzisto ɗaya, da batir biyu masu bolt 12, ɗaya na tuƙa ƙafar, ɗaya na karɓar caji.

Na ga irinta a Maraɗi bayan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, gari ya koma kwana cikin duhu da zafi. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya aiko a kira ni, don ya san ina koyar da kimiyya a lise. Ya taɓa ƙafar da yatsa, ta ɗauki gudu. Ya ɗora ma'auni a kan batir na biyu, lamba tana hawa a gaban idona. Ya ce, "Malam, ka gani? Wannan na cika, wancan bai rage ba."

Abin da ya gani gaskiya ne, fassararsa ce ke da gyara. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta naɗin, tiranzisto yana buɗe wa wuta hanya, naɗin ya ture maganaɗisun gaba. Da hanyar ta rufe, ƙarfin da ya taru a naɗin sai ya fice da tsalle guda mai bolt masu yawa, a karkatar da shi zuwa batir na biyu. Irin wannan duka yana sa ma'auni ya nuna lamba babba tun batirin bai ƙoshi ba, kamar kumfar da ke cika ƙwarya alhali nonon na can ƙasa. Bolt tsawon rijiya yake faɗa, ba ya faɗin yawan ruwan da ke ciki. Kowane tsalle kuwa daga batir na farko aka ciro shi, bayan waya da tiranzisto sun ci rabonsu sun mai da shi zafi.

Na ce, "Baba, mu sa masa kaya mu gani." Muka ɗaura ƙwan fitilar mota a batirin da ya ce ya cika, muka zauna da agogo. Bai jima ba ya yi ja, ya dushe. Dattijon ya daɗe shiru, sannan ya ce ƙila wayar ce ba ta kai ba. Amsar ke nan da ake bayarwa ko'ina a duniya, kuma ita masu sayar da zane da littattafai ke ci da ita, domin kullum akwai sauran abu ɗaya da za a saya.

Duk da haka ba na tare da abokan aikina da ke yi wa irin waɗannan mutane dariya. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya naɗa waya ɗaruruwan zagaye da hannu, ya gane ƙafafun tiranzisto uku, ya sa abu ya juya. Ɗalibaina nawa ne suka haddace dokar Faraday ta 1831 ba su taɓa riƙe maganaɗisu ba?

Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekarunsa yana auna abin da rana ke zubo mana kyauta, wajen wat 1000 a kan kowane murabba'in mita da tsakar rana. Na roƙi dattijon aron ƙafar kekensa zuwa aji. Zan sa ma'auni biyu, ɗaya a mashiga, ɗaya a mafita, in ajiye faifan sola a bakin taga, in ba yara alli su yi lissafin da kansu.