Daga Alhilla Kuku Zuwa Maiwurno A Cikin Ayarin Sallah

Duk wanda ya zauna a Alhilla Kuku ya san cewa idan Sallah ta matso, rabin hirar majalisa kan koma kan hanyar Madani ne. Mu ma da muka yi niyyar zuwa gaida dangi a Maiwurno, ana jajiberin Babbar Sallar 2019, sai da tsofaffi suka yi ta yi mana addu'a kamar masu tafiya Makka a ƙasa. Ba su yi laifi ba. Wannan titi da ya bi gefen Shuɗin Nilu, kilomita wajen 186 daga Hartum zuwa Wad Madani, Larabawan ƙasar da kansu suka laƙaba masa suna Hanyar Mutuwa.

Da asuba muka haye gadar Manshiya muka nufi babbar tashar motoci ta Hartum. A can muka tarar ba a barin bas ta fita ita kaɗai. Ana tara su ne a yi ayari, motar 'yan sanda a gaba, sauran a bayanta, ba mai wuce wani. Wannan tsari shi ake kira tafwij, a lokutan Sallah ake yin sa. Direbanmu, wani dattijo mai furfura, ya nuna mana wata 'yar na'ura da aka liƙa a motar, ya ce ita ke kai rahoton inda yake da irin gudun da yake yi. Muka ce, "Baba, ashe an sa maka linzami." Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ni ta gani, jaki kuwa ba ta san da shi ba."

Ba mu gane maganarsa ba sai da muka wuce Kamlin. Titin siriri ne, hannu ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa, ga ƙauyukan Jazira sun matso har bakin kwalta. Amalanken jaki ya fito daga gona ba fitila ba komai, yara na koro tumakin layya, mai tirela ya tsaya sayen shayi rabin motarsa a kan hanya. Kafin Hasahisa iska ta taso da ƙura, har muka daina ganin bas ɗin da ke gabanmu. A nan ne muka yi kwaɗayin irin allunan lantarkin da ake kafawa a wasu ƙasashe, waɗanda ke da na'ura mai jin tahowar mota: in ka zo da gudu sai allon ya haska, ya gargaɗe ka cewa ga kwana ko mararraba a gaba. A Ingila an gwada su a hanyoyin karkara, kuma binciken da aka fitar a 2002 ya nuna hatsari ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku a wuraren da aka kafa su a yankin Norfolk. Sirrinsu shi ne ba sa haskawa kullum, don haka ido ba ya sabawa da su kamar yadda ya saba da allon ƙarfe.

To amma fa allo yana son wuta, yana son mai share masa ƙura, yana kuma son direban da zai ji gargaɗi. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ga haka tun 2017, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. A ganinmu, a hanya irin ta Madani, ɗan ƙyalle mai ƙyalli a bayan kowane amalanke ya kamata ya riga allo zuwa.

Bayan la'asar muka wuce Sinnar muka shiga Maiwurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu shekaru suka yi kafin su iso nan da ƙafa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya yanke wannan hanya, Madani ta faɗi a Disambar shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Tun waccan Sallar ba mu sake haɗuwa da dattijon direban nan ba.